Makin Halilu a Haɓar Zane

"Lahiya lau, sai yunwar goro. Kai kuma ina gajiyar zama bisa turmi?"

Amsar da Hure ta mayar wa jikanta Muttaka ke nan, ba ta ko ɗaga kai daga faifan geron da take tsincewa ba. Gaisuwar tasa ce ta zo a makare. Tun hantsi ta aike shi kasuwar Anka sayen ƙwaryar goro da mudun dabino, bai dawo ba sai bayan azahar, kuma da ya shigo bai tsaya a gabanta ba. Ya rataye jakar a ƙusar ƙofa, ya wuce gindin katangar gabas ya zauna a kan kifaffen turmi, don duk gidan nan kaɗai sabis ke kamawa. Sai da inuwa ta matsa taku guda sannan ya tuna akwai mutum a tsakar gida.

Goron na sadaka ne. Gobe ƙanensa Halilu zai cika kwana arba'in da rasuwa. A hanyar Zugu masu tare hanya suka tsayar da babur ɗinsa, yana dawowa daga kai wa wani rediyon da ya gyara. Muttaka yana Indiya a lokacin, yana ƙarasa karatun injiniya, bai iso ba sai da aka yi kwana tara da rufe shi. Abin da ya tarar na Halilu shi ne waya mai tsagaggen gilashi, wadda ya bari a caji a shagonsa ranar da ya fita.

"Uwargida, ai goro ya zo," in ji Muttaka. "Ga shi can a rataye."

"Na gani. Da kai da ƙusa, ƙusa ta hi ka amfani, ita ko banza tana riƙe kaya. Wane irin miji na wanga? An aike shi da hantsi, ya dawo rana ta karkace."

"Zaɓe na tsaya yi. Na ce wa mai goro ya tsamo mini masu taushi, na tsohuwar da haƙoranta biyu suka rage, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Biyun nan sun ci naman da ko hotonai ba ka taɓa gani ba. Kai da ka tahi ƙasar da ba a yanka sa, ka dawo awa karan dawa."

"Karan dawar nan kika zaɓa, ai ba dole aka yi miki ba."

"Zaɓen duhu na yi. Mi kaka dannawa tun ɗazu awa mai kashe ƙwarƙwata?"

"Ƙwallo nake bugawa."

"A zaune?"

"A zaune. Da wani mutum a Turkiyya."

"Shi ma a zaune?"

"Shi ma."

"To, Allah ya haɗa ragwaye. Wa ya nemo ma shi?"

Muttaka ya ajiye wayar a cinya. Yana son a tambaye shi irin wannan, ko da tsohuwa ce ta tambaya.

"Na'ura ce ke haɗawa. Kowa yana da maki. In ka ci, makinka ya hau, in aka ci ka, ya sauka. Da ka ce kana son wasa, sai ta duba duk duniya ta nemo mai maki daidai da naka, ta ce ku kara. Ba ta haɗa zakara da ɗan tsako."

"Wanga ai aikin sarkin hili na a wurin kokawa. Tun ba a haihi ubanka ba muna da shi, kuma namu ba sai an hau turmi yaka aiki ba."

"Naku yana karɓar goro, yana duban fuska. Wannan ba ta san ɗan wane ba."

"In ba ta duban huska, ya aka yi taka haɗa ka da masu ka da kai? Tsaki ukku na ƙirga tun zamanka."

Hure ta ɗaga kai a karon farko, ta ƙanƙance ido tana kallon abin da ke cinyarsa. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, amma ta san wannan tsagar gilashin. A gabanta wayar ta faɗi a bakin rijiya.

"Wagga ba wayar Halilu ba ta?"

"Ita ce."

"Da sunanai kaka shiga?"

"Da sunansa."

Ta ajiye faifan a kan tabarma. Kaji suka matso, ba ta kore su ba.

"Hwaɗa mini."

Ya faɗa mata, a hankali, kamar mai ba da hanya ga baƙo. Aji uku ne a wasan: tagulla, azurfa, zinariya. Zinariya daga maki dubu biyu take farawa, kuma Halilu ya bar nasa a dubu biyu da ɗari uku. Duk wata uku akan rufe zagaye, ajin da suna yake a ranar rufewa shi ake buga masa hatimi, ya zauna a jikin sunan ba ya goguwa. Wannan zagayen yau za a rufe shi, daidai la'asar. Amma akwai doka: sunan da aka bari ba a wasa da shi, duk mako sai a zaftare masa maki goma.

"Shi ya sa na karɓa," ya ce. "Don kada makinsa ya zube."

"Goma a mako."

"Goma."

Ta lanƙwasa yatsu tana motsa baki. "Mako shidda, sittin. Da ka bar shi ya kwanta, da yanzu sittin kaɗai sunka tahi. Nawa ya rage?"

"Dubu biyu da goma sha huɗu."

"Sauran ina sunka tahi?"

"Wasa ne, Kaka. Wata rana a ci, wata rana..."

"Kowace hwaɗuwa nawa?"

"Wajen ashirin."

"Ashe garar da ke cin makin ta hi ka tausayi. Ita goma taka ci a mako, kai sittin ka ci tsakanin azahar da yanzu. Da na sani da gara na aura."

"Ki aure ta mana. Ku biyu ba ku barin komai a rumbu."

Ya faɗa da murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Ya san lissafin tun kafin ta yi shi. Na'urar ba ta san Halilu ya rasu ba. Makin Halilu take gani, sai ta fito masa da sa'o'in Halilu, mutanen da yatsunsu ke gudu kamar ba ƙashi a ciki. Wani lokaci kafin ya taɓa ƙwallo sau biyar an zura masa biyu.

"Wasa ɗaya ya rage mini kafin la'asar, ko biyu," ya ce. "In na ci, na mayar masa da wani abu. Ba na so a rufe yana bakin gaɓa."

"In anka ci ka ha?"

"Ya faɗa azurfa."

"Hatimin kuma ba shi goguwa."

"Ba ya goguwa."

"Miƙo in gani."

"Me za ki gani? Ke da ko agogo sai an karanta miki."

"Miƙo dai. Ina son ganin Baturken da ke dukan mijina."

Ya taso ya miƙa mata. Ta juya wayar gaba da baya, ta shafa tsagar da babban yatsa, sannan ta jawo haɓar zanenta ta naɗe ta, ta yi ƙulli biyu, ta soke a ƙugu. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince gero.

"Kaka."

"Na'am, angona."

"Ba ni wayar."

"Taka ta?"

"Lokaci na tafiya. Wallahi zan sake ki."

"Sake ni. Tun bara Mamuda mai nama ke aiko mini da tsire, ina ce mai ina da aure. Shi aƙalla a tsaye yaka sana'atai."

"Mamudan da ido ɗaya gare shi? Shi ya sa yake ganinki da kyau."

"Ido ɗaya mai ganin hanya ya hi biyu masu kallon gilashi. In kana da ƙarhi, zo ka kwance zanen kakarka, gari ya ji."

Ya koma ya zauna a bakin tabarma. Babu abin yi. Rana tana kan katangar yamma, saura kamar tsawon mutum biyu ta kai inda ladan ke tashi.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana," ya ce. "Wannan ba abin zamaninku ba ne."

"Karen nan na bana zomaye ke kora tai. Da wane suna Halilu ke shiga? Halilu kawai?"

"A'a. Kututture."

Hannunta ya tsaya a cikin geron.

Muttaka ya san sunan, kamar yadda duk jikokin gidan suka san shi. Laƙabin kakansu Labbo ne a filin kokawa, mijin Hure, wanda ya rasu tun mahaifinsu yana goye. Halilu ne ya fi kowa zama a gindinta yana sa ta maimaita kirarinsa. Abin da Muttaka bai sani ba shi ne dalilin da ya sa fuskarta ta canza haka.

"Ɗan nema," ta ce a hankali. "Bai taɓa hwaɗa mini ba."

Wata kaza ta sa baki a faifan, ta ture ta da bayan hannu.

"Kakanku shekara goma sha biyu yana kokawa, daga Bukkuyum har inda ƙahwa ta kai shi, bayanai bai taɓa ƙasa ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi tsakar damina, kwana huɗu. Da kaka ta yi anka sa kokawa a Gummi. Ƙanenai Gidaɗo ya zo ɗakin da nika takaba, ya ce in ba shi walki da kambun wansa. Wai kada a buɗe hili a rasa Kututture a ciki. Na ba shi. Yarinya ce ni, na ɗauka alheri na."

"Gidaɗo ɗan kokawa ne?"

"Yana taɓawa. A cikin sa'o'inai ba laihi. Amma ya je ya sa makaɗa sunka kaɗa mai taken wansa. Ka san doka: wanda ya shiga da taken Kututture, sa'an Kututture aka hiddo mai. Sarkin hili ya hiddo wani ƙato awa rumbu. Makaɗi bai sauya numfashi ba Gidaɗo na ƙasa."

"Ai kowa ya ga ba shi ba ne."

"Waɗanda ke wurin sun gani. Amma labari ba shi tahiya da huska, da suna yaka tahiya. Mutanen da ba su ko ji rasuwar ba, a kasuwanni, abin da ya kai musu shi na an ka da Kututture a Gummi. Ina cikin takaba wata mai nono ta shigo tana ba ni labari, ba ta san ko ni wa ce ba. Har yau akwai tsohwahhin da za su rantse ma ya hwaɗi a Gummi. Mutum na cikin kabarinai wata ukku, anka ka da shi."

Muttaka ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma.

"Gidaɗo ba ƙiyayya ya yi ba," ya ce.

"Wa ya ce ƙiyayya? Ya hi kowa kuka ranar jana'iza. Ƙauna ta. Amma kayan aro ba ya rufe katara, ko da ƙauna anka ara."

"Shi ya ga wansa. Ya ɗauki makara. Ni ko ƙasa ban zuba masa ba, Kaka. Ina cikin ɗakin jarrabawa, wayata a kashe. Wannan kaɗai na samu da zan yi masa."

Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. An faɗa masa wannan har kunnensa ya daina ji. Ta zuba tsintaccen geron a ƙwarya, ta ɗebo wani.

"Kai naka makin nawa na?"

"Wannan sirrin miji ne."

"Babu sirri tsakanina da kai, ni na yi ma wankan jego. Nawa?"

"Dubu da ɗari biyu."

"Wane aji ke nan?"

"Tagulla."

"Ashe mijin tagulla nika aure. Shekara biyar a Indiya, jirgi ya kai, jirgi ya dawo, tagulla. Shi ko mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, zinariya. Wa ya koya mai?"

"Ni. Hutun da na zo. A kan turmin nan."

"Kai ka koya mai, ya bar ka a tagulla."

"Cikin wata huɗu ya wuce ni."

"Na'urar taka ta taɓa haɗa ku?"

"Ko sau ɗaya. Mukan yi namu na gida, ni da shi, wanda ba a ƙirga maki. Amma ni so nake ta haɗa mu da kanta, ta ce mu sa'o'i ne. Shekara biyu ina hawa. In na hau ɗari, sai in tarar ya hau ɗari biyu. Yakan turo mini saƙo, wai in yi sauri, yana jirana a sama." Ya dubi turmin. "Yanzu kam ba za ta haɗa mu ba."

"Akwai mai haɗawa wanda ya hi na'urarka, kuma ba shi duban maki irin naku. Shi ka roƙa."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, kamar wanda ke cire ƙaya:

"Akwai wani Abdulrahman, Bahaushen Kumasi. Shi da Halilu suka fi karawa. Ba su taɓa ganin juna ba. In mutum ya shiga wasan, wani ɗigo kore yana haskawa a gefen sunansa, abokai su san yana nan. Kullum ya ga ɗigon sai ya turo saƙo. Jiya cewa ya yi, Kututture, me ya sami hannunka kwanan nan?"

"Mi ka ce mai?"

"Ban amsa ba."

"Bai sani ba?"

"Bai sani ba."

"Kwana arba'in ka hana bawan Allah ya yi wa abokinai addu'a. Wanda ya kara da mutum ya hi mai kallo sanin ƙarhinai. Ƙaton nan na Gummi, da ya ji gaskiyar magana, da ƙahwa ya zo har ƙohwar gidanmu ya yi gaisuwa, ya ce shi bai ka da Kututture ba, kuma ba ya son a ce ya yi. Kai kuma ka kunna wa mutum hitila kana ɓoye bayan mamaci."

"Ina ganin ɗigon, sai in ji kamar..."

"Na sani. Ni ma shekara guda ina shanya walkin nan a rana."

Ta ci gaba da tsince gero, shi ma ya sa hannu yana tayawa, ko da yake rabin abin da yake fitarwa geron ne ba tsakuwa ba. Sau biyu ya dubi ƙugunta. Sau ɗaya wayar ta yi ƙara a cikin ƙullin, ya ɗaga kai, ta dube shi, ya mayar da kansa.

Ladan ya tashi daga masallacin unguwa.

"Tahi ka yi salla," ta ce. "Ka sa shi ciki. Ka sa Gidaɗo ma, ya daɗe ba wanda ya tuna da shi."

Da ya dawo ya tarar ta idar da tata, tana zaune a kan buzu, ƙullin yana nan yadda yake. Ta kwance da kanta, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, ta miƙa masa. Ya je ya hau turmi. Sabis ya yi ta yawo kafin ya kama. Sai ga sunan ya fito, da wani zobe mai ruwan ɗorawa kewaye da shi.

"Karanta mini," in ji ta.

"Kututture. Zinariya. Dubu biyu da goma sha huɗu."

"Bar ƙirgan. Sake."

"Kututture. Zinariya."

Ta rufe ido ta ɗan jinjina kai, kamar mai sauraron kiɗa daga nesa.

Muttaka ya buɗe saƙon Abdulrahman. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: sunan Halilu na gaskiya, ranar da ya rasu, da cewa wansa ne ke magana, kuma shi ne ya yi ta faɗuwa a makonnin nan, ba Halilu ba. Ya ƙara da cewa gobe sadakar arba'in. Ya tura, ya fita daga wasan, ya ga ɗigon ya mutu. Sannan ya kashe wayar gaba ɗaya ya kawo mata.

"Ajiye a wurinki. Can ta fi zama lafiya."

"Ba za ka sake ni ba ke nan?"

"Na fasa. Mamuda ya riƙe tsirensa. Na sallama, uwargida, kin ka da ni."

Ta yi dariya, 'yar gajeriya, ta farko da ya ji daga bakinta tun dawowarsa. Ta laluba ɗaya haɓar zanen ta kwance wani ƙaramin ƙulli, sai ga farin goro guda.

"Ashe kina da goro, kike mini kukan yunwa tun ɗazu."

"Wa zai dogara da aikenka?" Ta sa farce ta ɓare shi biyu. "A hili ko wanda anka ka da ana ba shi goro, don ya dawo baɗi. Amma da sunanka za ka dawo, a hiddo ma sa'anka, ka sha kashinka da hannun ragwaye 'yan uwanka."

Ya karɓa ya duba tafin hannunsa, ya dubi nata.

"Wannan ɓarin ai ƙarami ne."

"Na tagulla na," in ji ta, ta jefa babban a baki.